Maganin Gargajiya a Buɗaɗɗen Rumbun Intanet: Abin da Mai Ba da Gudummawa Ya Kamata Ya Sani

Buɗaɗɗen aiki a kan maganin gargajiya shi ne duk wani shiri na intanet da jama'a ke haɗa hannu su tattara sunayen tsirrai, hotunansu, yadda ake amfani da su da tarihin masu sana'ar warkarwa, sannan a bar wa kowa damar karantawa, kwafa, gyarawa da sake yaɗawa ba tare da biyan kuɗi ba. Ɗalibai, masu rubuta manhaja, masu fassara da masu ɗaukar hoto duk suna da abin da za su iya bayarwa.

Sai dai wannan fage ya bambanta da sauran ayyukan sa-kai na intanet ta fuskoki biyu. Ilimin da ake tattarawa yana da masu shi, waɗanda galibi ba su da hannu a cikin aikin. Kuma kuskure a cikinsa yana iya taɓa lafiyar mai karatu. Saboda haka darajar gudummawa a nan tana rataye ne a kan tambayoyi huɗu: me aka saka, da yardar wa, a ƙarƙashin wane lasisi, kuma da wace hujja.

Ma'anar buɗewa

Tunanin ya samo asali ne daga duniyar kwamfuta. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin samar da manhajar da kowa zai iya duba rubutun umarninta, ya sauya shi, ya raba wa wasu. A 1998 aka fara kiran irin wannan tsari da sunan buɗaɗɗen tushe. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa rubutu, hoto da sauti, musamman bayan ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko a 2002.

Lasisin shi ne ginshiƙin komai. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ya yarda kowa ya ɗauka, har don kasuwanci, muddin ya ambaci inda ya samo kuma ya saki abin da ya gina a kai da irin wannan lasisi. Wikidata kuwa tana amfani da CC0, wanda ke nufin mai bayarwa ya sallama haƙƙinsa gaba ɗaya, ko ambaton sunansa bai zama dole ba. Waɗannan lasisai ba a janye su. Wanda ya saki wani abu yana iya daina yaɗa shi, amma duk wanda ya riga ya kwafa yana da ikon ci gaba da amfani da shi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma a nan karin maganar ta zama doka.

Inda ake ba da gudummawa

Babu wani rumbu guda da ya tattara komai. Ayyukan da suka shafi wannan fage sun kasu bisa irin abin da suke karɓa.

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001 kuma take da sashen Hausa, tana karɓar maƙala ne kawai idan an jingina ta da majiyar da aka wallafa. Abin da mutum ya ji daga bakin kakarsa ko daga wanzamin unguwa ba ya shiga a matsayin hujja, komai gaskiyarsa. A sashen Ingilishi akwai ƙa'ida ta musamman ga bayanan lafiya, wadda ta fifita nazarin da ya tattara sakamakon bincike da yawa a kan rahoton gwaji guda ɗaya.

Wikimedia Commons, wadda ta fara aiki a 2004, ma'ajiya ce ta hotuna, sauti da bidiyo, kuma ba ta karɓar abin da aka hana amfani da shi don kasuwanci. Wikidata, daga 2012, tana haɗa suna da suna: a nan ne za a iya rubuta cewa sabara ita ce Guiera senegalensis, ta yadda kowace manhaja a duniya za ta gane.

iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tana karɓar hoton tsiro tare da wuri da rana, sai masu sani su taru su tantance shi. Idan fiye da kashi biyu bisa uku na masu tantancewa suka yarda da suna ɗaya, bayanin yana kai matsayin da masu bincike za su iya dogara da shi, kuma yana iya wucewa zuwa GBIF, babban rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 mai hedikwata a Kofanhagen.

Mukurtu ta sha bamban da dukkansu. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe da aka fara ginawa a 2007 tare da al'ummar Warumungu ta Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Kimberly Christen. Kowa na iya sauke manhajar kyauta, amma al'ummar da ta kafa rumbunta ita ke yanke wanda zai ga kowane abu: wani na kowa ne, wani na mata kaɗai, wani na dangi ɗaya. Mukurtu ta nuna cewa ana iya buɗe kayan aikin a bar abin da ke ciki a hannun masu shi.

Yadda rubutu ke zama garkuwa

Babbar hujjar masu goyon bayan tattara ilimin gargajiya ta fito ne daga dokar mallakar ƙirƙira. Ofishin da ke ba da takardar mallaka ba ya bayar da ita sai ga sabon abu. Idan aka nuna cewa an riga an san abin kuma an wallafa shi, takardar ta faɗi. Matsalar ita ce jami'in da ke duba buƙatar yana binciken rubuce-rubuce ne, ba ya jin abin da ake faɗa a kasuwar ƙauye.

A 1995 ofishin Amurka ya ba wasu masu bincike biyu na cibiyar kiwon lafiya ta Jami'ar Mississippi takardar mallaka a kan amfani da garin kurkum wajen warkar da rauni, abin da gidajen Indiya suka daɗe da sani. Majalisar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, CSIR, ta ƙalubalanci takardar da tsofaffin rubuce-rubuce, ciki har da na harshen Sanskrit da wata maƙalar likitoci ta 1953. A 1997 aka soke ta.

Shari'ar darbejiya ta fi daɗewa. Wannan itaciya, da ake kira dogon yaro, maina ko bedi a sassan ƙasar Hausa, asalinta daga yankin Indiya take, kuma a zamanin mulkin mallaka aka yaɗa ta a Afirka ta Yamma. A 1994 ofishin Turai ya ba ma'aikatar noma ta Amurka da kamfanin W. R. Grace takarda a kan hanyar kashe cutar fumfuna a jikin shuka da man darbejiya. 'Yan gwagwarmaya, ciki har da Vandana Shiva, sun kai ƙara. An soke takardar a 2000, aka kuma yi watsi da ɗaukaka ƙara a 2005, shekara goma sha ɗaya bayan bayar da ita.

Darasin da Indiya ta ɗauka shi ne rigakafi ya fi magani. A 2001 ta kafa rumbun TKDL, inda aka juya haɗe-haɗen magunguna daga tsofaffin littattafan Ayurveda, Unani da Siddha zuwa harsuna biyar: Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Japananci. Abin lura shi ne Indiya ba ta buɗe rumbun ga kowa ba. Ta ba ofisoshin mallakar ƙirƙira damar dubawa ne bisa yarjejeniyar cewa ba za su fallasa abin da ke ciki ba, kuma ofishin Turai ya shiga wannan tsari a 2009. Sai a 2022 majalisar ministocin ƙasar ta amince a faɗaɗa damar zuwa wasu masu amfani, bisa biyan kuɗi.

Abin da buɗewa ba ta karewa

Dalilin rufe TKDL yana da sauƙin fahimta. Wallafa ilimi yana hana wani ya ce shi ya ƙirƙiro shi, amma ba ya hana kamfani ya karanta, ya bi sawu, ya ciro sinadarin da ke aiki, ya nemi takarda a kan hanyar tacewa ko a kan sabon haɗi. A wannan hali masu ilimin sun nuna hanya kyauta, an zo ga abin da Hausawa ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Al'ummar San ta kudancin Afirka ta ga haka. Mafarautansu sun daɗe suna cin tsiron Hoodia don danne yunwa da ƙishi a doguwar tafiya, kuma masu bincike sun rubuta wannan tun da jimawa. A shekarun 1990 majalisar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu ta yi rajistar sinadarin da ake kira P57, ta ba kamfanin Phytopharm na Birtaniya lasisin sarrafa shi a matsayin maganin rage ƙiba, ba tare da tuntuɓar San ba. Bayan lamarin ya fito fili a 2001, aka ƙulla yarjejeniya a 2003 da ta ba su kashi 8 cikin 100 na kuɗin da ake biyan majalisar a matakan gwaji da kashi 6 cikin 100 na kason da take samu daga ciniki. Maganin bai kai kasuwa ba: Pfizer ta janye, Unilever ma ta janye a 2008. A 2017 San suka fitar da nasu kundin ɗa'ar bincike, wanda ya gindaya sharuɗɗa ga duk mai son nazari a cikinsu.

Shayin rooibos ya ba da sakamako dabam. A Nuwamban 2019 masana'antar shayin ta amince ta riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na farashin da ake sayen ganyen daga gona, kuma a 2022 aka biya kuɗin farko, sama da rand miliyan 12.

Najeriya tana da nata misalin. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta samar da Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, daga wani haɗi da mai maganin gargajiya Rabaran Paul Ogunyale ya kawo. Haɗin ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da wani icen dangin madobiya. An sa sunan Ogunyale cikin masu ƙirƙira a takardar mallakar da aka samu a Amurka a 1998, abin da ba kasafai ake yi wa masu maganin gargajiya ba. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi, ya fitar da maganin da sunan Nicosan a 2006, sannan ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu ga masu buƙatarsa. Labarin ya nuna cewa ana iya girmama mai ilimi a rubuce, kuma ya nuna cewa yarjejeniya mai kyau ba ta isa ta kai magani hannun marar lafiya ba idan babu masana'anta mai ɗorewa.

Abin da doka ta tanada

Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a Japan a Oktoban 2010 ta kuma fara aiki ranar 12 ga Oktoban 2014, ta ɗora wa ƙasashen da suka shige ta nauyin tabbatar da cewa ba a ɗauki ilimin gargajiya da ya shafi albarkatun halitta ba sai da amincewar al'ummar da ke riƙe da shi, bayan an yi mata cikakken bayani, tare da sharuɗɗan raba amfani da ɓangarorin biyu suka yarda da su. Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniya, ba ta kuma cikin babbar yarjejeniyar bambancin halittu ta 1992 da ta haife ta.

Ranar 24 ga Mayun 2024 ƙasashen hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, WIPO, suka amince a Janeba da wata sabuwar yarjejeniya bayan tattaunawar fiye da shekara ashirin. Ta wajabta wa mai neman takardar mallaka ya bayyana ƙasar da ya samo albarkatun halitta da al'ummar da ta ba shi ilimin, idan ƙirƙirarsa ta ginu a kansu. An tsara ta fara aiki wata uku bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. Ba ta shafi buƙatun da aka shigar kafin ta fara aiki ba, kuma rashin bayyanawa kaɗai ba ya soke takarda sai in an tabbatar da niyyar zamba.

A Najeriya dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ce, an yi ta tun kafin wannan muhawara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da kariya ga fasahohin gargajiya irin su tatsuniya, waƙa da zane, amma haƙƙin mallaka yana kare siffar da aka bayyana abu ne, ba ya hana wani yin aiki da ilimin da ke ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, abin da ya shafi duk wanda zai ɗauki hoto ko muryar marar lafiya a zauren mai magani. Ma'anar duk wannan ga ɗan sa-kai ita ce kariyar da doka ke bayarwa ba ta cika ba, kuma abin da ya saki yau babu kotun da za ta dawo masa da shi.

Ilimi iri uku

A ƙasar Hausa warkarwa sana'o'i ce da dama. Akwai wanzami mai ƙaho da shayi, maɗori mai ɗorin karaya, ungozoma, boka, 'yar mai ganye, malamin da ke rubutun sha, maƙeri mai maganin ƙuna, da masunci mai cire ƙayar kifi. Ilimin da suke riƙe da shi bai zama iri ɗaya ba, kuma rarrabe shi shi ne aikin farko na mai ba da gudummawa.

Na farko shi ne na kowa da kowa: cewa mai jego tana amfani da sabara, ko ana dafa ganyen darbejiya a yi surace. Wannan ya riga ya yaɗu, an kuma wallafa mafi yawansa. Saka shi a buɗaɗɗen rumbu da Hausa, tare da majiya, ba ya rage wa kowa komai, yana ma ƙarfafa shaidar cewa an daɗe da saninsa.

Na biyu shi ne na gado, wanda ke bin gida ɗaya daga uba zuwa ɗa ko daga uwa zuwa 'ya, kuma da shi iyali ke ci. Haɗin saiwoyi da awonsu da lokacin haƙarsu jarin mai shi ne. Wallafa shi ba da izini ba ƙwace ne, ko da an yi shi da niyyar adana al'ada. Ko da izinin ma, akwai tambayar ko mutum ɗaya yana da ikon sallama abin da dukan zuriya ke da haƙƙi a kai.

Na uku shi ne rubutacce. Malaman daular Sakkwato sun yi talifi a kan magani da Larabci; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir. A zamanin Turawa likita ɗan Sikotilan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, wanda H. M. Burkill ya sabunta cikin juzu'ai da suka fara fitowa a 1985. Waɗannan majiyoyi suna da daraja, amma suna ɗauke da darasi: itaciyar hano, ko ararraɓi, a littattafan kimiyya sunanta Boswellia dalzielii, wato sunan mai tattarawa ya tabbata a jikinta har abada. Rumbun zamani yana da damar ajiye sunan waɗanda suka faɗa tare da na wanda ya rubuta.

Haɗarin suna

Kuskure mafi muni a rumbun tsirrai shi ne ɗora bayanin wani tsiro a kan wani. Tsiro ɗaya yana iya samun suna uku ko huɗu tsakanin Kano, Sakkwato da Damagaram, kuma suna ɗaya yana iya rufe tsirrai da ba su da dangantaka.

A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta Beljiyam, an musanya saiwar wani tsiron Sin mai suna Stephania tetrandra da ta Aristolochia fangchi, domin sunayensu na Sinanci suna kama da juna. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani, wasu kuma daga baya suka samu ciwon daji a mafitsara da hanyoyin fitsari. Irin wannan tarko yana nan a Hausa. Maɗaci babbar itaciya ce, Khaya senegalensis. Maɗacin ƙasa kuwa, ko duman dutse, tsiro ne mai yaɗo, Aristolochia albida, ɗan gida ɗaya da wanda ya yi ɓarna a Beljiyam. Kalma ɗaya ta faɗi wajen kwafa, ma'ana ta juye.

Shi ya sa masana ke dagewa a kan samfur. Bayani mai inganci yana zuwa da hoton ganye, fure, 'ya'ya da ɓawo, da garin da aka ji sunan, kuma inda hali ya yi a kai busasshen samfur ma'ajiyar tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a karɓi lambar rajista.

Wurin da tsiron yake ma yana buƙatar taka-tsantsan. Maɗaci yana cikin jerin itatuwan da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana, madobiya kuma ta shiga jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017 saboda yawan sara. Taswirar da ta nuna daidai inda ragowar itatuwan suke tana iya zama jagora ga masu sassaƙe da masu zarto. iNaturalist tana ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin barazana, kuma mai ɗora hoto yana iya ɓoye wurin da kansa.

Rubuta al'ada daban, tabbatar da magani daban

Jumlar "ana amfani da shi don zazzaɓi" bayani ce a kan abin da mutane ke yi. Jumlar "yana warkar da zazzaɓi" da'awa ce ta likitanci, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tarihin artemisinin ya nuna tsawon tafiyar da ke tsakanin biyun. Tu Youyou ta Sin ta samu haske daga wani littafin ƙarni na 4 na Ge Hong, wanda ya ambaci jiƙa tsiron a ruwa maimakon dafa shi, amma sai da ita da abokan aikinta suka tace ɗaruruwan haɗe-haɗe, suka yi gwaji a kan dabbobi da mutane, kafin a samu maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. A ɗaya gefen, a Afrilun 2020 shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya tallata wani jiƙo na wannan tsiro a matsayin maganin korona kafin a wallafa wata hujja. NIPRD ta bincika samfurin da aka aiko Najeriya ba ta kuma sami shaidar yana warkar da cutar ba.

Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma tana buƙatar fahimta. Matakin farko na rajistar yana duba ko maganin ba ya cutarwa ne, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance da'awar warkarwa ba.

Akwai kuma al'adun da bincike ya tabbatar suna cutarwa. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Cire beli da kayan aikin da ba a tsabtace ba yana iya jawo zubar jini da tetanus ga jariri. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa mai yawa haɗe da zafin wankan jego. Zakami guba ne da ke iya gusar da hankali har ya kashe. Rumbu mai gaskiya yana rubuta waɗannan tare da illarsu. Ɓoye su don kare martabar al'ada cin amanar mai karatu ne.

Ƙa'idojin aiki

A 2019 wata haɗakar masu fafutukar haƙƙin 'yan asali ta fitar da ƙa'idoji huɗu da ake kira CARE: amfanin al'umma baki ɗaya, ikon al'umma a kan bayananta, ɗaukar alhaki, da kiyaye ɗa'a. An tsara su ne don su cike giɓin ƙa'idojin FAIR na 2016, waɗanda suka mayar da hankali ga sauƙin samun bayanai da sake amfani da su. Shirin Local Contexts, da aka kafa a 2010, ya samar da alamomin da al'umma ke liƙa wa bayananta don nuna asalinsu da yadda take son a yi amfani da su. Alamomin ba su da ƙarfin doka, amma suna hana mai ɗauka ya ce bai sani ba.

Idan aka juya waɗannan zuwa aikin yau da kullum, suna nufin abubuwa kamar haka. Mai ba da gudummawa ya karanta lasisin aikin kafin ya ɗora komai. Ya fara da abin da aka riga aka wallafa: gyara sunayen Hausa a Wikidata, fassara maƙala mai majiya, ɗaukar hoton tsiro, naɗar yadda ake furta suna, ko fassara fuskar manhaja zuwa Hausa. Idan zai yi hira da mai magani, ya bayyana masa da harshensa cewa duniya duka za ta iya gani, kamfani zai iya ɗauka, kuma ba a iya janyewa. Ya naɗi amincewar, ya tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa, ya kuma mayar masa da kwafin abin da aka ɗauka. Kada ya wallafa awo ko yawan abin da ake sha. Kada ya nuna fuskar marar lafiya. Abin da aka ce masa sirri ne ya bar shi sirri, ko a ajiye shi a rumbu irin na Mukurtu wanda mabuɗinsa ke hannun masu ilimin.

Inda muhawarar ta tsaya

Masu ra'ayin buɗewa suna cewa tsofaffin masu sana'a suna rasuwa, dazuzzuka suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba zai ɓace ko wani ya yi rajistarsa da sunansa. Masu ra'ayin tsarewa suna cewa buɗewa tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi tana amfanar mai dakin gwaje-gwaje da lauyoyi ne, kuma al'ummar da ba ta da intanet ba za ta ci moriyar rumbun da aka gina da iliminta ba. Kowane ɓangare yana da misalan da ke goyon bayansa: kurkum da darbejiya a gefe ɗaya, Hoodia a ɗaya gefen.

Najeriya ta fitar da manufar maganin gargajiya a 2007 da kundin tsirran magani na ƙasa a 2008, tana da hukumar bunƙasa magungunan gargajiya, NNMDA, a Legas tun 1997, kuma kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka. Tambayoyin da suka rage na siyasa ne, kuma 'yan majalisa da ma'aikatun lafiya, muhalli da ciniki ne ke da alhakin amsa su: wa ke da ikon ba da izini a madadin al'umma, ta wace hanya kason amfani zai isa gidan wanzami ko ungozoma, kuma wane ɓangare na ilimin ya kamata ƙasa ta adana a rufe kamar yadda Indiya ta yi. Kafin a samu waɗannan amsoshi, hukuncin abin da zai fita da abin da zai tsaya yana hannun duk wanda ke riƙe da waya a gaban mai magani.